Rufin Asiri Ko Rufin Laifi? Darasi Daga Wani Fim Na Ƙasar Jafan

Gabatarwa

Daga cikin addu'o'in da Bahaushe ya fi yawan yi wa kansa da kuma wanda yake ƙauna, da wuya a sami wadda ta kai "Allah Ya rufa asiri". Da ita ake sallamar amarya, da ita ake gode wa wanda ya yi alheri, da ita kuma magidanci yake lallashin zuciyarsa ran da aka wayi gari babu na cefane. Rufin asiri ginshiƙi ne babba na zaman Hausawa, kuma babu mai hankalin da zai so a rushe shi. Amma fa akwai wani abu da ya daɗe yana fakewa a inuwarsa, watau rufin laifi, musamman laifin da ake aikatawa a cikin gida, a kan yara da raunana waɗanda ba su da bakin kai ƙara.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga wani fim na ƙasar Jafan wanda aka gina a kan wani laifi na gaskiya da ya auku a cikin iyali. Ra'ayina shi ne, wannan fim ya nuna hanyar da marubuci zai bi ya tona laifi ba tare da ya tona asirin wanda aka zalunta ba, kuma adabinmu na Hausa yana da buƙatar wannan hanya ƙwarai da gaske.

Abin da ya auku a Sugamo

A cikin watan Yuli na shekarar 1988, wani mai gidan haya a unguwar Sugamo ta birnin Tokiyo ya sanar da hukuma cewa akwai abin da bai gane ba game da wani ɗaki na gidansa. Da aka shiga, sai aka tarar da yara uku, babbansu namiji ɗan shekara 14, da ƙannensa mata biyu, yunwa ta galabaitar da su. Uwarsu ta tafi wajen wani sabon masoyi tun kimanin wata tara da suka wuce, ta bar wa babban kuɗi yen 50,000, ta ce ya kula da sauran. Ba a taɓa yi wa yaran rajistar haihuwa ba, ba kuma wanda aka sa makaranta a cikinsu, watau dai a idon hukuma babu su a duniya. An kuma sami gawar wani jariri da ya rasu tun da daɗewa aka ɓoye shi a ɗakin. Daga baya bincike ya gano cewa autarsu, 'yar shekara biyu, ta mutu a hannun abokan yayanta da suke zuwa ɗakin, aka je aka binne ta a wani daji da ke yankin Chichibu. Uwar ta miƙa kanta ga 'yan sanda bayan ta ga labarin ya bazu, kotu ta yanke mata ɗaurin shekara uku, amma aka jingine hukuncin. Hukuma ba ta bayyana sunayen yaran ba.

Wani matashi mai suna Hirokazu Kore-eda, wanda a lokacin yake aikin shirya finafinan gaskiya na talabijin, ya rubuta labari a kan wannan al'amari, amma bai samu ya mai da shi fim ba sai bayan shekara kusan 15. Fim ɗin ya fito a 2004 da sunan Dare mo Shiranai, ma'anarsa da Hausa "Ba Wanda Ya Sani". Yaron da ya fito a matsayin babban wa, Yuya Yagira, ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinai na Cannes a ƙasar Faransa a wannan shekara, yana ɗan shekara 14, kafinsa kuwa ba a taɓa ba mai ƙarancin shekaru kamarsa wannan kyauta ba.

Yadda fim ɗin ya ba da labari

Mai karatu zai zaci fim ɗin da aka gina a kan irin wannan labari zai cika da kururuwa da 'yan sanda da zaman kotu. Ko kaɗan babu wannan. An fara ne da wata mata mai fara'a da ɗanta Akira ɗan shekara 12 suna tarewa a sabon ɗakin haya, suna gaida masu gida cikin ladabi. Sai da aka rufe ƙofa sa'an nan aka buɗe akwatunan kaya, ƙananan yara biyu suka fito daga ciki suna dariya, ta huɗun kuma ta iso da dare a ɓoye. Dokar ɗakin ita ce kada a ɗaga murya, kada a leƙa waje. Uwar tana son 'ya'yanta a irin nata son, tana wasa da su, tana yi musu tsaraba, amma wata rana sai ta bar wasiƙa da kuɗi ta tafi. Ta dawo sau ɗaya, ta sake tafiya, ba ta ƙara dawowa ba.

Daga nan sai mai kallo ya zauna tare da yaran har tsawon shekara guda. Akira yana lissafin kuɗi a littafi, yana biyan kuɗin wuta da na ruwa, yana dafa abinci. Da sabuwar shekara ta zo, sai ya roƙi wata mai aiki a kanti ta rubuta sunayen ƙannensa a kan ambulan ɗin kyauta, domin su zaci uwarsu ce ta aiko. Kuɗi suka ƙare, aka yanke wuta, aka yanke ruwa, suka koma ɗibar ruwa da wanki a famfon filin wasa na unguwa. Tufafi suka yage, suma ta yi yawa, takalmi ya matse. A ƙarshe autarsu Yuki ta faɗo daga kan kujera ta mutu, yayanta ya sa ta a cikin akwati, ya kai ta kusa da filin jirgin sama na Haneda ya binne, domin ya taɓa yi mata alkawarin zai kai ta ta ga jirage. An ɗauki fim ɗin ne bi da bi daga kakar 2002 zuwa bazarar 2003, saboda haka girman da mai kallo yake gani yaran suna yi na gaskiya ne.

To, abin da ya fi muhimmanci shi ne sunan fim ɗin, domin gugar zana ne. An ce ba wanda ya sani, alhali kuwa mutane da yawa sun sani, ko kuwa sun ga abin da ya isa ya sanar da su. Matar mai gida ta leƙa ɗakin ta ga ƙazanta da yaran da ba ta san da zamansu ba, ta karɓi bayanin da aka yi mata ta juya. Ma'aikacin kanti yana miƙo wa Akira ragowar abinci ta ƙofar baya. Mazan da suka taɓa zama da uwar sun ba shi 'yan kuɗi suka sallame shi. Kowannensu ya yi ɗan alherin da ba zai jawo masa ɗawainiya ba, ya wuce. Da wata ta ba Akira shawarar ya je wurin hukuma, sai ya ƙi, don ya san za a raba shi da ƙannensa. Mai kallo yana fita daga wannan fim ba da fushin uwar kaɗai ba, har da wata irin kunya, domin ya gane kansa a cikin waɗannan mutanen kirki da suka gani suka kau da kai.

Shin mu wannan bai shafe mu ba?

Na san wani zai ce ai wannan ciwon manyan biranen ƙasashen da suka ci gaba ne, inda mutum ba ya sanin sunan maƙwabcinsa, mu kuwa muna da zumunci, muna da dangi, muna da mai unguwa, kuma ɗa na kowa ne. Haƙiƙa muna da waɗannan, amma ya kamata mu dubi abin da jaridu suka kawo a 'yan shekarun baya. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawansu kuwa iyaye da dangi ne suka kai su da hannunsu. A watan Oktoba na wannan shekara aka buɗe irin wannan gida a Daura, aka kuma buɗe wani a nan birnin Zariya. A watan Agusta na 2020 aka sami wani yaro maraya na wajen uwa a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, an ɗaure shi a turken dabbobi na gidan ubansa kimanin shekara biyu. A cikin watan nan dai aka fito da wani saurayi a Kano wanda aka kulle a garejin gidansu shekara da shekaru.

Duk waɗannan wurare a tsakiyar jama'a suke, katanga jikin katanga. Ana jin kukan akuyar maƙwabci, ana sanin abin da aka dafa a gidansa, yaya za a ce shekara biyu ba wanda ya ji ɗuriyar yaro? Gaskiya ne daga ƙarshe wasu bayin Allah ne suka tsegunta aka kai ɗauki, amma kafin nan watanni nawa aka yi ana cewa "ba ruwana", ko "sha'anin gida sai masu gida", ko "kada in shiga tsakanin ɗa da mahaifi"? Bajafane ya yi shiru don kada ya takura wa maƙwabci, Bahaushe ya yi shiru don kada ya tona asirin maƙwabci, yaron da ke ɗaure kuwa duk ɗaya ne a wurinsa.

Bugu da ƙari, wanda ya san Samaru da Sabon Gari ya san zaman da ake yi a cikinsu ba irin na ƙauye ba ne, ba kuma irin na cikin ganuwa ba. Sabon Gari ya kafu ne da zuwan jirgin ƙasa wajen 1911, mazaunin baƙi ne tun asalinsa. Samaru kuwa ta bunƙasa ne a gindin cibiyar binciken aikin gona, da kuma Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. A Hayin Dogo, ko Ɗanraka, ko Muciya, ko Cikaji, za ka sami gidan haya guda mai ɗakuna jere, ɗalibi a wannan, lebura a wancan, bazawara da 'ya'yanta a na ƙurya, kowa da harshensa da garinsu, bana ga wannan, baɗi ya tashi wani ya shigo. A irin wannan gida dangi suna nesa, maƙwabcin ɗaki shi ne kaɗai idon da ke kan yaro. Mu ɗalibai da yawanmu a cikin waɗannan gidaje muke kwana, saboda haka in ana maganar maƙwabcin da ya gani ya yi shiru, da mu ake.

Inda adabinmu ya tsaya

Ba a ce marubutan Hausa ba su taɓa laifin cikin gida ba. Tun a tsakiyar shekarun 1930, a nan Zariya, John Tafida Wusasa da Rupert East suka fitar da Jiki Magayi, inda ɗa ya zama ɓarawo har ya kashe mahaifinsa ba da saninsa ba. Uwar Gulma ta Mohammed Sada ta nuna wulaƙancin da miji yake yi wa matarsa. Balaraba Ramat Yakubu, a cikin Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta kawo magidancin da ya kori uwargida da 'ya'yanta saboda amarya. Finafinan Kano kuwa, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, ba su rabu da labarin maraya da matar uba ba.

Sai dai in mun duba da kyau, za mu ga yawancin labaranmu sukan ɗora laifin a kan abu ɗaya bayyananne. A Jiki Magayi sammu ne ya lalatar da yaron. A finafinai da dama kishiya ce, ko matar uba mai harara da murguɗa baki, ko boka a cikin kogo. Akan tara mugunta duka a jikin mutum guda, a ƙarshe ya haukace ko ya makance ko ya zo yana neman gafara, mai kallo ya ce "Allah Ya ƙara", ya tashi zuciyarsa wasai, domin shi ba kishiya ba ne, ba boka ba ne. Wannan tsari ya gaji tatsuniya, yana kuma da amfaninsa wajen tarbiyya. Amma ba ya taɓa mai kallo inda ya kamata a taɓa shi. A labarin yaron Birnin Kebbi, alal misali, matan uba ba su ne kaɗai abin tambaya ba. Ina dangin uwarsa? Ina kawunnansa? Ina masu shiga gidan barka da ta'aziyya? Ina malamin da ya daina ganinsa a makarantar allo? Waɗannan su ne mutanen da ba mu cika gani a littattafanmu ba, su ne kuwa mu.

Hujjojin masu ƙin wannan ra'ayi

Akwai hujjoji uku da za a iya kawowa, kuma kowacce tana da nauyinta. Ta farko ita ce, ɗaukar musibar wani gida a mai da ita abin kallo tonon asiri ne, kuma yaron da aka zalunta zai girma ya tarar da labarinsa a bakin duniya. Wannan gaskiya ne in aka yi aikin da ganganci. Mun ga yadda ake yaɗa hotunan irin waɗannan yara a Facebook da WhatsApp, fuska a buɗe, haƙarƙari a waje, da suna da unguwa, wai don neman taimako. Wannan shi ne tonon asiri na ainihi. Kore-eda kuwa ya sauya sunaye da shekaru da yawan yaran, ya kuma sanar tun a farkon fim ɗin cewa ko da yake abin da ya auku ne ya zaburar da shi, mutanen ciki ƙirƙirarru ne. Ta haka ya rufa wa yaran Sugamo asiri, ya bar laifin a fili.

Hujja ta biyu ita ce cin kasuwa da hawayen wasu. Wannan ma abin tsoro ne, musamman a kasuwar da ake rige-rigen fitar da fim tun labari yana da zafi. Maganinsa shi ne haƙuri. Wanda ya jira shekara 15 kafin ya ɗauki na'ura ba za a ce ya bi zafin labari ba. Ya kamata marubucinmu ya bari kotu ta gama aikinta, ƙura ta lafa, sa'an nan ya zauna ya yi nazari, don kada ya zama alƙali na biyu a kan shari'ar da ba a yanke ba.

Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi. Za a ce Kore-eda ya sassauta gaskiya, domin a Sugamo dūka ne ya kashe yarinyar, a fim kuwa faɗuwa ce daga kujera. Ashe wannan ba wanke laifi ba ne? A ganina an yi hasara a nan, domin an ɓoye wa mai kallo yadda yaran da aka yi watsi da su sukan cuci junansu. Amma an kuma ci riba. Da ya nuna dūkan, da mai kallo ya sami sabon wanda zai ɗora wa laifi, watau yaran da suka yi dūkan, ya sake kuɓuta. Da aka ce faɗuwa ce kawai, irin wadda da akwai babba a ɗakin da an garzaya asibiti, sai tambaya ta koma kan rashin babban. Marubuci yana da ikon ya sauya abin da ya auku, muddin sauyin zai ƙara wa mai karatu nauyin alhaki ne. In kuwa don ya sauke masa nauyin ne, to, ya ci amanar labarin.

Abin da ya rage gare mu

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a Samaru. Tun daga ƙarshen shekarun 1970, malaman wasan kwaikwayo na wannan jami'a, irin su Michael Etherton da Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka riƙa fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka kamar Soba da Maska, da kuma cikin unguwannin Samaru, su saurari matsalolin jama'a, su mai da su wasa, su koma su nuna wa masu matsalar a dandalinsu. Abin da ya rage shi ne mu masu nazarin Hausa mu shigar da irin wannan sauraro cikin ƙagaggen labari da rubutun fim, mu kuma kai shi har cikin soro da tsakar gida, inda aka fi jin nauyin shiga.

Kayan aiki kuwa suna nan. Tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, cike suke da labaran kotu. Ga Laburaren Kashim Ibrahim, ga Gidan Arewa a Kaduna. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai iya ɗaukar yadda littattafanmu da finafinanmu suke siffanta maƙwabci, ko ya kwatanta labarin maraya a tatsuniya da yadda yake a takardun shari'a. Mai sha'awar rubutu kuma ya gwada ba da labarin gidan haya guda ta bakin mai sayar da koko a ƙofar gidan, wadda ta lura yaron da ke zuwa saye kullum ya daina zuwa, ta yi niyyar tambaya, ta fasa. Ya kuma kamata marubuci ya san cewa doka ta riga shi yin magana: akwai dokar haƙƙin yara ta tarayya tun 2003, Jihar Kaduna kuma ta kafa tata dokar kare yara a 2018. Amma doka ba ta gani ta cikin katanga, sai wani ya buɗe baki ya faɗa mata.

Kammalawa

Bahaushe ya ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ya kuma ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mun yarda ke nan abin da ya sami na kusa da mu yana shafarmu. Rufin asirin da iyayenmu suka koya mana shi ne ka suturta wanda talauci ko ƙaddara ta kayar, ka ciyar da maƙwabci ba tare da ka faɗa wa kowa ba. Ba su koya mana mu suturta azzalumi a kan yaron da ke hannunsa ba. Aikin adabi ne ya raba waɗannan biyu a zukatan jama'a, tun da wa'azi da doka su kaɗai ba su gama rabawa ba. Ina roƙon malamanmu su nemi wannan fim a nuna mana shi a sashe, a yi muhawara a kansa, ko Allah Ya sa a cikinmu a sami wanda zai rubuta namu. Allah Ya rufa mana asiri, Ya kuma ba mu ƙarfin halin yin magana ran da shiru ya zama zalunci.